Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Matan Arewa

Uwargida, idan kin gama ɗora tukunya, matso kusa, yau tarihi za mu taɓa.

Na san da yawanku akwai katin zaɓe ajiye a ƙasan adaka. Ranar zaɓe maigida ya ba da izini, a zura hijabi, a bi layin mata, a dangwala a dawo gida. To, ko kin san a zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar nan ga samun mulkin kai, babu mace ko ɗaya a Jihar Arewa da ta jefa ƙuri'a? Matan Ikko da Ibadan da Inugu sun jefa. Iyayenmu kuwa doka ce ta hana su. Cikin waɗanda suka sha wuya kafin dokar nan ta canza, babu kamar Hajiya Gambo Sawaba.

Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, ana kiranta Gambo saboda 'yan biyu take bi. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo, mahaifiyarta Banufiya ce. Tana 'yar shekara 10 uban ya rasu, ba da daɗewa ba uwar ta bi shi. Karatunta bai wuce firamare ba. Tana shekara 13 aka yi mata aure, mijin ya tafi ya bar ta da ciki, bai sake waiwayo ta ba. Kin ga ke nan da ta girma ta riƙa magana a kan aurar da yarinya ba ta shirya ba, da muhimmancin karatun 'ya mace, abin da ta ɗanɗana ne take faɗa.

A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Kukan jam'iyyar shi ne halin da talaka yake ciki a hannun En'e: haraji, jangali, aikin tilas, da ɗauri ba gaira ba dalili. Gambo ta shiga tana 'yar shekara 17, ba a jima ba ta zama shugabar mata. Daga nan sunan Sawaba ya manne mata. Ta kuma yi tattaki har Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta haɗa kan matan kasuwa suka yi bore a kan harajin da aka ɗora musu, har Sarkin garin, Alake, ya sauka daga mulki a 1949.

Yanzu ga inda labarin ya shafe ki, ke da kike cikin gida. 'Yan siyasa maza suna hawa kan tebur a dandali su yi lacca, amma gidan kulle ba shiga, iyakarsu zaure. Gambo kuwa mace ce, sai ta yi sallama ta wuce har tsakar gida. Ta zauna bakin murhu, ana daka ana tankaɗe, ta yi wa mata bayanin inda kuɗin harajin mazajensu yake tafiya, da dalilin da ya sa babu asibiti kusa idan naƙuda ta zo da gardama. Aikin nan shi ya ɗaga hankalin masu mulki a Kano. Aka kama ta, aka gurfanar da ita gaban alƙali, aka ɗaure. Da ta fito ta ci gaba, har aka kore ta daga garin.

Gaskiya ɗaya ce, Gambo ba ta goyon bayan kulle, ta sha faɗa a fili, na kuma san ba kowaccenku ce za ta bi ta a nan ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta taɓa ɗaukar matar kulle a matsayin wadda ba ta da kai ba. Da ta raina su, da ba ta riƙa bin su ɗaki ɗaki ba.

Ana lissafa cewa sau 16 aka ɗaure ta. An yi mata bulala, an aske mata kai, 'yan bangar siyasa sun taɓa yi mata dukan kawo wuƙa suka yar a daji. Ga kuma ɓacin suna, domin a wancan zamani duk macen da aka gani a taron siyasa sai a ce ba 'yar mutunci ba ce. Wannan, wallahi, ya fi bulala ciwo ga 'ya mace. A 1956 ta ja mata zuwa ofishin Firimiya Sardauna a Kaduna suna neman a ba matan Arewa ƙuri'a. Jam'iyyar NPC mai mulki ta tsaya a kan cewa lokaci bai yi ba, al'adar jama'a ba za ta ɗauka ba.

Haka Jamhuriya ta Farko ta zo ta wuce a 1966 ba a ba su ba. Sai a 1976, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Shekara 20 ke nan cif daga tattakin Kaduna. A zaɓen 1979 mata suka fito, har da na kulle, al'adar da aka ce ba za ta ɗauka ba ta ɗauka lafiya lau. A shekarar ce kuma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Gambo ta ci gaba da siyasa a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, inda ta kai mataimakiyar shugaba. Ba ta tara dukiya ba. Gidanta na Zariya cike yake da marayu da 'ya'yan riƙo har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a watan Oktoba na 2001 tana da shekara 68. Babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta aka sa masa, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano. Allah Ya jiƙanta da rahama.