Rigar Cin Tuwo: Babbar Riga a Teburin Jirgin Ruwa

Akwai wata al'ada ta Turawa wadda ta daɗe tana ba Bahaushe dariya, wato mutum ya yi wanka da magariba, ya ɗauko mafi tsadar tufafinsa ya sa, alhali ba fada za shi ba, ba ɗaurin aure ba, abincin dare kawai zai ci. Inda wannan al'ada ta fi ƙarfi kuwa shi ne cikin manyan jiragen ruwa na fasinja, har yau ma tana nan da sauran ranta a jiragen da masu kuɗi ke shiga don yawon shaƙatawa a teku. Mai karatu zai ce, to ina ruwan mutumin Karaye ko Rogo da jirgin teku, mu da babban ruwanmu bai wuce kogin Challawa ba? Ni dai ina ganin da ruwanmu, domin fatakenmu sun shiga waɗannan jirage, audugarmu ta shiga, rigarmu ma ta shiga, kowanne ta ƙofarsa daban.

Bari mu fara da ita dokar kanta. A gidajen sarauta da na attajiran Ingila a ƙarni na 19 ba a zama teburin dare da tufafin da aka wuni da su. Namiji sai ya sa baƙin kwat mai wutsiya biyu, da farar taguwa wadda ta sha sitaci har ta ƙame, da ɗan farin laktaye. Daga baya aka sassauta aka yarda da gajeren kwat da baƙin laktaye, wanda Amurkawa suka laƙaba wa sunan wata unguwar masu kuɗi da ke kusa da New York, wato Tuxedo, inda aka fara yayinsa a 1886. Da kamfanonin jiragen ruwa suka shiga gasar jawo manyan fasinjoji, sai suka kwashe ɗakin cin abinci na waɗancan gidaje ɗungurungum suka kai cikin jirgi. Akan busa begila ko a buga ƙararrawa don a sanar da lokacin sa kaya. Akan ɗaga ƙafa a daren farko da daren ƙarshe, domin a na farko ba a gama kwance akwati ba, a na ƙarshe kuwa an riga an ɗaure. Akwai kuma teburin kyaftin, wanda ba ka zama sai an gayyace ka.

Amma fa wannan duk a faskila ne. A jirgin Titanic da ya nutse a 1912, alal misali, fasinjoji kashi uku ne, kowane kashi da ɗakin cin abincinsa, ba kuwa wanda ya tambayi talakan da ke can ƙasa me ya sa kafin a zuba masa romo. Wannan shi ya nuna mini amfanin dokar na ainihi. Ƙyaure ce. Kuɗin tikiti ya tace mutane sau ɗaya, kwat kuma ya sake tace su, domin wanda ya samu kuɗi jiya zai iya sayen tikiti, amma sanin wane laktaye ake ɗaurawa da wane kwat, da wane cokali ake fara ɗauka cikin jerin da ke gaban faranti, sai wanda ya tashi a ciki.

Turawan mulkin mallaka sun taho mana da abinsu. Kamfanin Elder Dempster na Libaful shi ya riƙe zirga-zirgar wasiƙu da fasinjoji tsakanin Ingila da Saliyo da Gwalkwas da Ikko, kuma a teburin jiragensa sabon Joji ko Di'o yake fara koyon matsayinsa, tun bai taka ƙasarmu ba. Zafi bai sa sun bar dokar ba, gyara ta kawai suka yi. Wasu suka koma farin gajeren kwat, wasu suka ajiye kwat ɗin gaba ɗaya suka ɗaura ɗamara a kan farar taguwa, shigar da suka sa wa sunan Bahar Maliya saboda a nan zafi ya tilasta musu ita. Abin da ke ba ni mamaki a nan shi ne, a wannan teku ɗin dai ne alhazanmu masu tafiyar ƙasa suke ƙetarewa daga Suwakin ko Fot Sudan zuwa Jidda, suna shirin ɗaura harami, tufafin da ba ya bambanta sarki da bawa.

To, mu ina muke cikin jirgin Elder Dempster? A fili muke, a saman katako, ƙarƙashin rumfar tamfol. Tun farkon ƙarni na 20 fataken goro suka gane cewa maimakon watanni bisa jaki zuwa Gwanja, ana iya ɗora huhun goro a jirgi daga Ankara ko Sakandi zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuwa sai abin ya zama ruwan dare. Fasinjan fili shi ke riƙe da tabarmarsa da butarsa da guzurinsa. Ba wanda ya kafa masa dokar tufafi, saboda ba wanda ya yi zaton zai kusanci teburi. A ƙarƙashinsa kuma, cikin tumbin jirgi, in an nufi Ingila, ga gyaɗa ga fata ga audugar da kamfanin Bisije yake saye a kasuwannin ƙasar Zazzau da Katsina da yammacin Kano.

Kada kuwa mu ɗauka cewa fataken nan sun ji haushin rashin gayyata. A wurin Bahaushe cin abinci ba wurin nuna ado ba ne. A garuruwanmu na ƙasar Rogo, inda na tashi, ana idar da sallar magariba ko lisha sai a ga yara suna fitowa da akusa da kwanoni daga gida gida zuwa dakali ko zaure, magidanta su haɗu a yi ciyayya. Mai babbar riga sai ya naɗe ta bisa kafaɗa, ko ya tuɓe ta ya rataye, ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Ba a yawan magana. Baƙo in ya zo wucewa a ce masa bisimilla, ba a duba rigarsa. Babban mutum kuma, gwargwadon girmansa gwargwadon ɓoye cinsa: sarki ba ya ci a bainar jama'a, amawali ma rufe bakin yake yi, suruki ba ya ci gaban surukinsa. Wato abin da Bature ya maishe dandali, mu mun maishe shi abin kunya da sutura.

Sai dai fa kada mu yi saurin wanke kanmu. Muna da tamu dokar tufafin, mai tsanani ma kuwa, a fada take zaune maimakon teburi. Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara kakaki da figini da takalmin gashin jimina, kayan da har gobe ba kowa ke taɓa su ba. Rawani mai kunne biyu a Kano na sarki ne da 'ya'yan sarki. Alkyabba sai an yafa maka. Talaka kuwa tun daga nesa zai tuɓe takalmi kafin ya faɗi gaisuwa, a fadar Kano ne ko a ƙofar Sarkin Karaye, kuma wannan yana cikin abubuwan da 'yan NEPU suka ɗaga murya a kai bayan kafa jam'iyyar a 1950. Mafi girma duka, ku tuna da Sarkin Gobir Nafata, wanda ya hana jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Wannan doka tana cikin abubuwan da suka hura wutar da ta kai ga hijira da jihadi a 1804. Mutanen da aka taɓa yaƙi a ƙasarsu kan rawani ba su da bakin yi wa mai laktaye dariya da yawa.

Ita kuma rigar da ake wannan taƙama da ita, a ina ake yin ta? A nan ne ƙasarmu ta shigo sosai. A ƙarni na 19 garuruwan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Katsina, irin su Zarewa da Rogo da Beli da Karaye, sun yi suna wajen noman auduga da baba da kuma rini. Mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, a kai marina, daga nan a kai mabuga a buge shi da shuni har ya riƙa ƙyalli. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajarsu a kan wuri miliyan 300 a shekara. Da yawa daga cikin abin da ake kira na Kano a ƙauyuka irin namu aka yi shi. Duk mai son ya ji ƙanshin wancan zamani ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, domin a wajajen Zarewa ta yi ƙuruciyarta. Riga aska takwas ta saƙi ko tsamiya takan ci watanni a hannun maɗinki, ba kuwa wani kwat na Landan da ya fi ta cin aiki.

Wannan riga ita ma ta keta ƙyauren faskila. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji ta hanyar Ingila a 1921, ya gana da Sarki Joji na Biyar. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka yi tasu ziyarar. Da rawunansu da alkyabbunsu suka je, haka kuma aka ɗauke su hoto. Turawa ba su nemi su sa kwat ba. Ina ganin dalilin a bayyane yake: mulkinsu a Arewa bisa sarakuna ya dogara, saboda haka sarki cikin cikakken naɗi ya fi musu amfani da sarki cikin laktaye. Wanda ya sha wuya shi ne ɗan boko, wanda ya sayi kwat ɗin, ya iya cokali mai yatsu, amma duk da haka aka tare shi a ƙofa. A 1947 otal ɗin Bristol da ke Ikko ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali babban ma'aikaci ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa Gwamna Richards ya yi shelar hana wariya a irin waɗannan wurare. A nan aka gane cewa kwat ɗin ma hujja ce kawai.

Daga nan sai 'yan kishin ƙasa suka juya lissafi. A Kudu Mbonu Ojike ya yi ta kiran a ƙaurace wa duk kayan Turawa da za a iya ƙaurace wa, har da tufafi. Mu a Arewa ba mu yi nisa da rigarmu ba dama. Abubakar Tafawa Ɓalewa da babbar riga ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, da ita ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya bayan kwana shida, da ita kuma ya yi wa majalisar Amurka jawabi a 1961. Katin gayyata ya fara ɗauke da zaɓi biyu, kwat ko tufafin ƙasa. Jirgin Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, yana cin kusan mako biyu tsakanin Libaful da Apapa, ya kwashi ɗalibai da ministoci da jakadu masu yawa a waɗannan shekaru, har faskilar da ta kasance ta Turawa ta koma cike da 'yan ƙasa.

Nasarar ba ta daɗe ba teburin kansa ya watse. Tun 1958 masu ƙetare tekun Atlantika ta sama suka fi masu bin ruwa yawa. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974, aka sayar da shi, ya koma masaukin ma'aikata a gaɓar Jidda. Jiragen da suka tsira sai suka koma yawon shaƙatawa, a can ma dokar ta yi ta laushi. Kamfanin Norwegian Cruise Line ya soke tilascin lokaci da na kwat a shekara ta 2000. Kamfanin Cunard, mai jirgin Queen Mary 2, shi ne ya fi riƙo da ita, yana ware wasu darare na kwalliya, ya kuma yarda da tufafin ƙasa a cikinsu. Wato yanzu kwat ɗin ya zama wani ɓangare na abin da fasinja ya biya kuɗi don ya ɗanɗana, kamar mai hawan doki ran salla wanda ba yaƙi za shi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi a mujallarmu shi ne, al'adar da ta tsufa a teku ta sake yin tsiro a tudu, a tsakaninmu. Yau ba a cika bikin 'yan birni ba sai da dina, da kati, da anko, da ƙarti a bakin ƙofa masu duba shigar mutum. Abin ya fara isa garuruwanmu ta hannun 'ya'yanmu da suka yi karatu. Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba: dinar kammala karatu, a yanka kuɗi, a zaɓi launi, a ce kowa ya ɗinko. Na ga ɗan ajinmu wanda muka shekara huɗu muna cin garau-garau a kwano ɗaya da shi ya ƙirƙiro tafiyar gaggawa zuwa gida a daren, kowa kuwa ya san dalili, ba wanda ya ce uffan. Ba kwat aka nema gare shi ba, babbar riga ce da hula, tufafin ubansa da kakansa. Shaddar da aka zaɓa kuwa Getzner ce daga Ostiriya, mai ƙaramin ƙarfi ya sayi kwaikwayonta na Sin. Shi kuwa ɗan ajin namu daga ɗaya cikin garuruwan nan na marina ya fito, inda mafi yawan karofin suka cike da ƙasa da shara, awaki suna kwana a bakinsu.