Taurara Fatar Ƙarfe da Naitirojin: Tarihinsa da Gwajinsa

Taurara fatar ƙarfe da naitirojin hanya ce ta sa bayan ƙarfe ya yi tauri, cikinsa kuma ya zauna da danƙonsa don kada ya karye. Ana zuba kayan da aka gama ƙerawa, kamar giya da karanshaf na inji, a tanderu mai zafin digiri 500 zuwa 550 na Salsiyos, a saki iskar amoniya a kansu. Zafi yakan warware amoniyar, naitirojin ɗin da ke cikinta ya ratsa ƙarfen sannu a hankali. Ba a tsoma shi a ruwa yadda maƙera ke yi wa gatari, shi ya sa ba ya lanƙwashewa.

Adolph Machlet, ma'aikacin wani kamfanin tanderu a New Jersey ta Amurka, ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1913, sai dai masana'antu ba su rungume ta ba. Adolf Fry na kamfanin Krupp da ke Essen a Jamus ne ya fito da ita fili a shekarun 1920. Ya gano cewa ƙarfe zalla ba ya yin wani tauri na a zo a gani, amma in an gauraya masa alminiyum da kuromiyum da molibdenom, sai ya yi tauri ƙwarai. Daga nan aka sami ƙarafan da ake kira Nitralloy.

Wahalar ita ce, ido ba ya gane an yi aikin ko ba a yi ba, kuma kaurin fatar da wuya ya kai milimita ɗaya. A ganina, ɗakin gwaje-gwaje ne ya sa injiniyoyi suka amince da wannan hanya, ba tanderu ba. Tun 1863 Henry Sorby na Sheffield ya nuna yadda ake goge ƙarfe a duba shi da madubin ƙara girma. Haka ake yi har yau: a yanka samfur, a goge shi sumul, a shafa masa nital, wato asid ɗin naitirik kaɗan a cikin alkohol. Sai a ga shimfiɗa biyu. Ta ciki, inda naitirojin ya watsu, takan yi duhu. Ta waje asid ba ya cin ta, sai ta fito fara. Tana da tauri, amma in ta yi kauri takan tsage ta ɓare, ɓarɓashinta ya lalata inji. Domin rage ta ne Carl Floe na cibiyar MIT ya ƙirƙiro aikin zango biyu, wanda ya sami takardar mallakarsa a 1948: a fara da amoniya mai ƙarfi, sannan a sassauta.

Auna taurin kuwa da gwajin Vickers ake yi, wanda Smith da Sandland suka samar a Ingila a 1921. Ana danna tsinin lu'ulu'u mai kusurwar digiri 136 a kan ƙarfen, a auna faɗin tabon da ya bari. Mai gwaji yakan jera irin waɗannan tabo daga baki zuwa ciki, yana rubuta lambar kowanne. A kan Nitralloy lambar baki takan haura 1000, ta riƙa sauka. Bisa tsohuwar ƙa'idar Jamus ta DIN 50190, zurfin fatar yana ƙarewa ne a inda tauri ya ɗara na tsakiyar ƙarfen da maki 50 kacal, kuma wannan zurfin ake gwadawa da abin da aka rubuta a zanen kayan kafin a karɓe su.