Gashin jiminar Damagaram da ya sa Turawa ƙetaro teku

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan kaji a kasuwar Dole ranar Alhamis ya san cewa mai saye ba nauyi kaɗai yake dubawa ba. Wani ya ce fari tas yake so, wani ja, wani wake-wake. Wata tsohuwa za ta zo ta ce in ba shikirkita ba, mai gashin nan da ya murɗe baya, ba ta saye. Kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. To wannan ido na tantance gashin tsuntsu tsohon abu ne a ƙasarmu, har akwai lokacin da gashin wani tsuntsun ƙasar nan ya hana gwamnatin wata ƙasa mai nisa barci. Tsuntsun kuwa jimina ce. Yau labarinta za mu ba ku, sannan mu dawo kan kajinmu na gida, don can maganar za ta ƙare.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara talatin yana sarauta har rasuwarsa a 1884, Damagaram zango ce babba a kan hanyar ayari. Raƙuma su taso daga Kano, su sauka Zinder, su bi ta Damargu da Agadas, su ratsa Gat da Gadamas, har Tarabulus a bakin tekun Bahar Rum. Unguwar Zango ma daga nan ta samo sunanta, don nan fatake da Larabawa da Buzaye suke sauke kaya a wajen ganuwar Birni. Ana kawo yadi da takarda da sukari da bindigogi, ana tafiya da fatu da hauren giwa, da kuma bayi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne a tarihinmu. Amma daga wajajen 1870 sai wani kaya marar nauyi ya shiga gaba, wato gashin jimina. Matan Landan da Faris sun ɗauki yayin dasa shi a huluna, farashi ya tashi, kuma kayan raƙumi ɗaya na gashi yana iya ɗaukar dukiya mai yawa.

Da farko maharba ne ke kawo shi daga daji. Da buƙata ta yi yawa, sai mutanen ƙauyukan Damargu da Damagaram suka riƙa kamo 'ya'yan jimina suna kiwonsu a gida, ana fige gashin lokaci zuwa lokaci, tsuntsun na raye. Dillalai kuwa sun san darajar kowane iri. Namijin jimina jikinsa baƙi ne, fukafukai da wutsiya farare, wuyansa ja-ja. Macen toka-toka ce. Farin gashin fiffiken namiji shi ne sarkin kasuwa, baƙin ya biyo baya, na mace ya zo ƙarshe. Mu kanmu ba baƙin abin ba ne. Figinin da ake yi wa sarakuna fifita da shi na gashin jimina ne, haka takalmin nan na Sarkin Kano da kowa ya sani, kuma tsofaffi suna tuna ƙwan jimina da ake ɗorawa a ƙololuwar ɗaki ko masallaci.

To sai kishiya ta ɓullo daga kudu. Tun wajajen 1860 manoman Afirka ta Kudu suka fara killace jiminu a gonaki, a 1869 wani mai suna Arthur Douglass ya ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwanta. Garin Oudtshoorn ya zama cibiyar sana'ar, manoma suka gina manyan gidaje da kuɗin gashi. Kafin Yaƙin Duniya na Farko gashin jimina ne na huɗu a kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinari da lu'ulu'u da ulu. Gashinsu mai yawa ya karya farashin wanda ke bi ta hamada.

Amma duk da yawan jiminunsu, akwai abin da ya tsaya musu a rai. A cikin ƙunshin da ke fitowa ta Tarabulus akan ga wani gashi da ya fi nasu cika da sheƙi, zarensa a haɗe kamar an ninka shi biyu. Masana kiwonsu suka ce in aka sami tsuntsun da ke ba da wannan gashi aka haɗa jininsa da nasu, ba mai kama su a duniya. Suna kuma tsoron kada manoman jimina na Amurka su riga su. Sai dai ba su san inda tsuntsun yake ba, don 'yan kasuwar ayari ba sa faɗin inda suke samo kaya. Da aka bi sawun gashin, sai ya nuno ƙasar da ke arewa da Kano, wajajen Zinder.

A 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a asirce, ƙarƙashin wani jami'in aikin gona mai suna Russell Thornton. Suka sauka ta bakin teku, suka hauro Kano suka yada zango, suna duba gashin da ayari ke kawowa ƙunshi bayan ƙunshi. Kun ga kuwa lokacin Damagaram tana hannun Faransa tun 1899, bayan yaƙin Tirmini da rasuwar Sarki Amadu Kuran Daga. Faransawa da suka gane abin da ake nema sai suka hana fitar da jimina mai rai daga yankinsu. Aka daɗe ana ja-in-ja, a ƙarshe dai tawagar ta tara tsuntsayenta, aka gangara da su bakin teku, aka sa su a jirgin ruwa. A 1912 kimanin jimina 140 suka isa Cape Town da ransu.

Ikon Allah, shekara biyu kacal bayan haka, a 1914, kasuwar gashin ta rushe. Yaƙi ya ɓarke a Turai, yayin ado ya canza, ga motoci marasa rufi sun shigo, hula mai dogon gashi ba ta zama a kai cikin iska. Manoma da yawa suka talauce. A namu ɓangaren ma hanyar ayarin ta riga ta mutu: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar nan kuma Italiya ta kama Tarabulus, kaya suka juya kudu zuwa Ikko.

Ga inda labarin yake da ciwo. Su can, da gashi ya faɗi ba su watsar da kiwon ba. Sun riƙe irin, daga baya suka koma sayar da fata da nama, har yau Oudtshoorn da jimina take tinƙaho. Mu kuwa da muke da asalin tsuntsun, da ciniki ya mutu sai kiwon ya mutu tare da shi. Farauta da fari suka cinye na daji, ragowar da ke dutsen Ayar suka ƙare a rikicin shekarun 1990. Yau in yaron Damagaram yana son ganin jimina mai jan wuya, sai dai a kai shi inda aka killace 'yan kaɗan ana lallaɓa su, kamar cibiyar da ke Kelle a ƙasar Gure, inda ake ƙoƙarin su hayayyafa a mayar da su daji.

To mu dawo kan kaji. Wake-wake da shikirkita, da mai gajerun ƙafafu, da mai tukku, da wadda wuyanta ba gashi, ba hukuma ce ta ajiye mana su ba. Iyayenmu mata ne. Su ne ke cewa wannan zakaran a bar shi ya yi iri, wancan a yanka wa baƙo, wannan kazar ta iya kwanci kuma ta iya kare 'ya'yanta daga shirwa, kada a sayar. Har masu neman wani launi don al'adun bori ko sadaka, ko me mutum zai ce game da aƙidarsu, buƙatarsu ta sa ba a bar launukan sun ɓace ba. Kazar nan ita ce asusun mace: kuɗin magani, kuɗin sabulu, gudummawar biki.

Amma abubuwa suna ta matsa mata. Bayan samun 'yancin kai an yi shirye-shiryen raba zakarun Turawa a ƙauyuka don a canza iri, wai a sami girma da yawan ƙwai. A watan Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, aka kashe kaji, kasuwa ta tsaya. Yanzu kuma kajin gidan gona da 'yan tsakin da ake shigowa da su daga Najeriya sun cika gari. Ba mu ce kada a yi kiwonsu ba, sana'a ce kuma tana ciyar da gidaje. Sai dai kowa ya san yawancinsu ba sa kwanci, kullum sai ka koma ka sayi sabbin 'yan tsaki, ga abinci na kuɗi, ga zafin bazara yana kwashe su. Tamu kuwa ta yi kiwo a bola da gindin rumbu, ta ƙyanƙyashe da kanta. In aka saki baƙon zakara shi kaɗai a tsakar gida shekara bayan shekara, wata rana za a nemi tsohon irin a rasa, kuma ba wata ƙasa da ta ajiye mana shi.

Shawararmu ga masu kiwo ita ce, duk mai irin gida mai kyau ya ware masa zakaransa, kada ya gauraya duka. A yi musu rigakafi kafin sanyin hunturu, lokacin da annoba ta fi share akurki. Matasa masu waya kuma ku zauna da kakanninku, ku ɗauki hoton kowane launi, ku rubuta sunan da suke kiransa da shi a Mirya, a Matamai, a Tanut, a Dungas, don sunayen ma suna bambanta daga gari zuwa gari. Wanda kakansa ya taɓa kiwon jimina ko ya yi dillancin gashinta a Zango, muna roƙo ya ba mu labarin yadda ya ji shi. Allah Ya albarkaci dabbobinmu, Ya ba mu damina mai albarka.