Maganin kyauta da bashin da ya bari

Jama'ar Jiratawa, mu waiwaya kaɗan. Dokar 1995 ce ta ɗora mana biyan kuɗin magani a gidan likita. A 2005 gwamnatin Tanja Mamadu ta mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Wallahi yara da yawa sun tsira.

Amma fa sai likita ta yi aikin, ta aika takardu Yamai, ta zauna jiran biya. Kasafin kuɗi ya kasa ɗauka, bashin biliyoyin sefa ya taru. Magani ya yanke, sai a miƙo mana takarda mu nufi farmasi a Maraɗi. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi. Wa zai cike giɓin wannan karon?