Ciwon MS da Atisayen Tsokokin Ciki da Baya

MS cuta ce da garkuwar jiki ke lalata rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Wani likitan Faransa, Charcot, ya bayyana ta a 1868. Ta fi yawa a Turai da Amurka, kuma ta fi kama mata. Tana kawo gajiya, nauyin ƙafa, dushewar gani da tangaɗi. Da yake alamun na zuwa su lafa, wasu kan ce sammu ne. Ikkilisiya ta yi addu'a, ta kuma kai mutum asibiti.

Atisaye ba ya warkar da ita, amma tsokokin ciki, ƙugu da baya su ne ke riƙe mutum tsaye, kuma ƙarfinsu na rage faɗuwa. Misali: a kwanta rigingine kan tabarma, a lanƙwashe gwiwoyi, a ɗaga ƙugu, a sauke a hankali. Daga Tsafe ko Bungudu, a fara ganin likitan fisiyo a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Gusau.

Zafi na tsananta alamun. A watan Maris da Afrilu, a yi atisayen da sassafe, a inuwa, a tsaya kafin gajiya ta yi yawa.