Daga Aska Takwas Zuwa Zanna Bukar: Tarihin Aikin Allura a Ƙasar Katagum

Duk wanda ya tsaya a filin Idi a Disina ko Yana, ko ya je kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katagum a Azare, zai ga dattawanmu sanye da kaya biyu waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne. Aikin da ke ƙirjin babbar riga, yawancin fasalinsa da sunayensa daga yamma suka zo mana, daga Kano da Zariya da ƙasar Nufe. Hular da ke bisa kai kuwa sunanta ma ya isa shaida: Zanna Bukar da Bama duk Barno suke nunawa. Dalilin haka yana cikin wurin da Allah Ya ajiye ƙasarmu.

Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, tsohuwar ƙasar Shira kuma ta shiga ƙarƙashinsa, ya rasu a 1814. Masarautar da ya bari ta zauna ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Bature Hugh Clapperton ya biyo wannan hanya daga Kukawa zai je Kano, abokin tafiyarsa Likita Oudney ma a Murmur kusa da Katagum ya rasu. Cikin abin da Clapperton ya rubuta akwai magana ɗaya da ta shafi batunmu. Ya ce a Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin a garuruwan da ya baro a gabas, ƙyallen saƙa da makamantansa su ne kuɗi. Barebari suna kiran wannan siririn saƙi na auduga gabaga. Ke nan kakanninmu sun zauna daidai iyakar da tufa take komawa kuɗi. Mutumin da ya mallaki riga mai aiki a wancan zamani dukiya ya ajiye, yana iya biyan bashi da ita, yana iya jinginar da ita, kuma magada su raba ta cikin gado kamar doki ko gona.

Abin da ya sa ta yi wannan daraja shi ne yawan hannuwan da take bi kafin ta kai wuyan mai ita. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta da bakan shiɓa, sannan su kaɗa ta da mazari, suna dangwalar alli don kada zare ya zame a yatsa. Mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa shi ake nema don rigar manya, kuma ba kowace mace ce hannunta ke fitar da shi ba. Daga nan sai masaƙi, wanda ke saƙa ƙwarya siririya, wadda faɗinta a riga mai tsada bai fi yatsu biyu ko uku ba. Maɗinki ya harhaɗa ƙwarya da ƙwarya har su zama riga. In ta baba ce, marini ya tsoma ta a karofi, mabugi ya buge ta har ta yi ƙyalli, aikin da garin Kura ta Kano ya yi suna a kai. Duk wannan kafin mai zane da mai allura su taɓa ta.

Zaren aikin shi kansa iri uku ne a da. Akwai farin zaren auduga, na kowa da kowa. Akwai tsamiya, wadda yaran yanzu da yawa suka ɗauka launi ne kawai. Alhali siliki ne na dajinmu: wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen tsamiya da na doka, su taru su saƙa gida ɗaya babba a jikin itace. A ɗebo gidan, a dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya fita, a wanke, a shanya, mata su kaɗa shi kamar auduga. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, ba ya ƙyalli sosai, amma yana da ƙarfi ƙwarai, yakan fi rigar da aka ɗinka shi a kai daɗewa. Yarabawa suna kiransa sanyan, kuma suna ɗaukarsa tufar girma. Na uku shi ne alharini, jan siliki mai ruwan hoda wanda ke zuwa a bayan raƙuma. Ragowar silikin masaƙun Turai ne, a rina shi a Arewacin Afirka, fataken Gadamas da Tarabulus su kawo shi Kano. Da shi ake yi wa riga shafi, ta yadda in mai riga ya naɗe hannunta a kafaɗa sai jan ya bayyana. Bature Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ga wannan siliki a kasuwa, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje sun kai aƙalla na wuri miliyan 300 a shekara. Ya yaba wa rigunan Nufe musamman.

Malaman jihadi ba su saki jiki da wannan ado ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar ya hana maza sanya alharini sai gwargwadon yatsu biyu zuwa huɗu, Malam Abdullahi na Gwandu kuwa a Tazyinul Waraƙat ya koka da mutanen da son mulki da dawakai da tufafin ƙawa ya ɗauke musu hankali tun jihadi bai ƙare ba. Amma sai ga shi daular da suka kafa ita ce ta fi kowa yaɗa babbar riga. Da riga da rawani ake naɗa basarake, riguna na cikin gaisuwar da sarakuna ke aikawa Sakkwato, kuma da riga sarki ke saka wa malami ko jarumi ko baƙo. Ta haka fasali ɗaya ya bazu daga Sakkwato har Adamawa, daga Katsina har Ilori, da mu nan a tsakiya.

Yanzu mu dubi ƙirjin rigar kanta. Aikin ba ya zama daidai a dama da hagu. Nauyinsa yana hagu ne, a kan babban aljihu. Daga wuya ake sauko da dogayen siffofi masu tsini, su ne asake. In biyu ne kawai, aska biyu ke nan. In aka ƙara gajeru uku a kan aljihu da wasu uku wajen kafaɗa, ta zama aska takwas. A dama akwai tambari, da'irar da ke naɗe da kanta kamar gammo, kuma ana maimaita ta a baya. Tsakani akwai gidan biyar, akwai dagi, wanda daga baya gwamnatin Jihar Arewa zamanin Sardauna ta ɗauka ya zama alamarta. Sauran sunayen da dattawa ke ambata sun haɗa da malum-malum, wadda aiki ke rufe kusan dukkan gabanta, da 'yar Madaka, da ƙwado da linzami, da 'yar Dikwa, wadda ita ma sunanta na Barno ne.

Wa ke zana waɗannan? Galibi malamai ne da manyan almajiransu, da alƙalamin kara da tawadar da suke rubutun allo. Ba sa amfani da ma'auni, ido ne da hannu. A ganina wannan ne ya sa gidan biyar ke kama da hatimi, kuma duk wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka zai gane hannu ɗaya ne. Bayan zane sai mai aiki ya ɗora rigar a gwiwa. Layin tambari da ɗinkin sarƙa ake binsa, kowace ɗigo tana fitowa daga cikin wadda ta gabace ta. Asake kuwa ciko ne, zare kusa da zare har ƙyallen ƙasa ya ɓace. Mafi cin rai shi ne filin aljihu: a huda ƙyalle da allura, a kewaye bakin hujin da zare har ya zama ɗan ido, a matsa gaba a sake wani, haka har dubbai. Riga ɗaya takan ci watanni. Gardawa da yawa da wannan sana'a suka ci da kansu har suka sauke karatu, suna zaune a zaure ko gindin bishiya, baki na tilawa hannu na ɗinki. Wasu tufafin da Turawan jirgin Kwara suka saya a Eggan ta ƙasar Nufe a 1841 suna nan ajiye a gidan tarihi na Landan. Bature David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi digirinsa na uku a kan wannan aiki na Hausawa a 1979.

Wannan sarƙa ta hannuwa ba rana ɗaya ta tsinke ba, kuma ta wajen zare ta fara. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta far wa Tarabulus, sai fataucin hamada ya durƙushe, alharini ya yi wuya, zaren kanti mai sheƙi da launi barkatai ya shigo ta jirgi. Nan gida ma hanya ta karkata, aka mayar da hedikwatar masarauta daga tsohuwar Katagum zuwa Azare a 1916. Bayan zare sai ƙyalle: akoko da sauran yadin kamfani, masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, sannan shadda daga Turai, suka kori saƙin hannu daga jikin yawancin mutane. Mazari ya koma kayan tsofaffi. Allura ce ta fi jurewa, domin ana iya yin aska takwas a kan shadda kamar yadda ake yi a kan saƙi. Amma ita ma keken surfani ya same ta, yanzu kuma ga injin kwamfuta da ke fitar da ƙirjin riga cikin sa'o'i.

Sai dai aikin bai mutu ba, hannu ya sauya. A birnin Zariya, daga shekarun 1970, maza suka riƙa komawa makarantar boko da aikin albashi da keken ɗinki, mata a cikin gidaje suka karɓi aikin riga da a da ba a san su da shi ba. A 1994 har ƙungiya suka kafa da sunan Sarauniya Amina. A wajenmu kuwa abin da ya riƙe allura shi ne hula. Hular aiki irin ta Barno ta yi tashe da 'yan siyasar jamhuriya ta farko, ana ma danganta sunan Zanna Bukar da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno da ya yi minista a wancan zamani. Doguwar hular Shehu Shagari, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, ta ƙara mata kasuwa. Da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutanen Bama da maƙwabtansu a 2014, da yawansu ba su fito da komai ba sai wannan sana'a, da ita suka ci abinci a sansanonin Maiduguri da garuruwan da suka fake.

Hula ta dace da rayuwar mace mai aure fiye da riga. Jarinta kaɗan ne, farin yadi da zare da allura. Ana naɗe ta a sa a kwano, a ɗauko bayan an sauke tukunya, a ajiye in yaro ya yi kuka. Mai zane ya zana jikinta da kanta daban-daban, mai ɗinki ta cike, wani ya haɗa, mai wankin hula ya wanke ya sa sitati ya ɗora a kan gungume ya buge ta ta tsaya. Ka ga ita ma ƙaramar sarƙa ce irin ta da. 'Yan mata da yawa da kuɗin hula suke taya iyaye haɗa kayan ɗaki.

Inda nake da ƙorafi shi ne rabon kuɗin. Wadda ta yi makonni tana ƙura wa ƙyalle ido, wani lokaci da fitilar waya, ita ce ke karɓar mafi ƙanƙanta. Sau da yawa dillali ne ke kawo yadi da zare, ya yanke ladan aiki tun kafin a fara, kuma ita ba ta san nawa za a sayar da hular a Kano ko Abuja ba. Ga kuma hular inji da ke kwaikwayon ta hannu, ana sayar da ita da araha, wani lokaci ma a ce wa mai saye ta hannu ce. Gane su ba wuya. Ka juya hular ka dubi cikinta. Ta inji bayanta sumul yake, da siririn zaren ƙasa yana bin ko'ina daidai wa daida. Ta hannu kuwa za ka ga inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, idanun hujin ba su zama girma ɗaya tak ba, kuma in ka ɗaga ta ga rana haske zai ratso ta cikinsu.

Haka ma tsofaffin rigunan da ke cikin adaka a gidajen sarauta da na malamai a Disina da Shira da Azare. Masu sayen kayan da suna bin ƙauyuka suna karɓarsu a kan kuɗi kaɗan, wasu kuma asu da gara ke cinye su. Wanda ke da irin wannan riga a gida ya riƙa fito da ita yana shanyawa a inuwa lokacin rani, kada ya sa mata omo ko ya murɗe ta, domin tsohon saƙi ba ya jure wannan. Ya ɗauki hotonta gaba da baya da cikin aljihu, ya tambayi dattijon gidan sunan aikinta, da irin zarenta, da wanda ya fara sanya ta, ya rubuta a takarda ya naɗe tare da rigar.