Lifidi da Yunwa: Sake Duba Mulkin Kanajeji

An saba tuna Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji (1390 zuwa 1410) da cewa shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali fagen fama. Haka littafin Tarihin Kano ya faɗa. Amma wanda ya bi labarin a tsanake zai ga ba ƙarfe ne ya ci masa yaƙi ba. Asarar mayaƙa a Umbatu ce ta sa ya nemo waɗannan kayan, kuma da su ɗin ma ya koma har sau biyu ya dawo hannu rabbana. Garin bai miƙa wuya ba sai da ya kafa sansani shekara biyu, ya hana mutane noma, yunwa ta durƙusar da su. Ƙarfinsa na gaskiya, a ganina, shi ne iya ciyar da runduna a daji damina da rani, ga doki mai cin dawa kamar mutum, ga barada da bayi masu ɗaukar kaya. Wannan sai mai taska. Taskar kuwa daga musaya take, yana aika wa Kwararrafa dawakai, su kuma suna aiko masa da bayi.

Wani zai kawo hujja da Zazzau, ya ce ai bayan kashin da ya sha a Turunku komawa ya yi ga tsafin Tsibiri, sannan ya kashe Sarkin Zazzau a Gadaz, ashe ke nan ƙarfin zuciyar mayaƙa ne ya juya lamarin. Ba a musun tasirin wannan. Sai dai zaman wata takwas da ya yi a ƙasar Zazzau bayan nasarar, guzuri ne ya riƙe shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce, littafin Tarihin Kano sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi, ƙarnoni bayan Kanajeji, wani mai suna Palmer ya fassara shi a 1908. Duk da haka, mai son wasa sarki ba zai ƙirƙiro masa jerin faɗuwa ba, don haka ɓangaren da ya shafi Kanajeji ya cancanci a amince da shi. Kuma abin da ya biyo baya ya dace da wannan fahimta, cewa musaya ce tushen ƙarfin sarki. A zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka buɗe hanyar Gwanja, wadda daga bisani fataken goro suka riƙa bi ta arewacin Togo ta yau, suna yada zango a Sansanne Mango.